Kwat ɗin Tsohuwar Bakin Teku

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na ɗauki biro. In na yi niyya sai in tuna karatuna bai wuce firamare ba, in ce wa zai ɓata lokacinsa a kan rubutun mai guga. In na haƙura kuma sai in buɗe kabad in ga abin yana rataye yana kallona. Har wurin malami na je na tambaya ko ba da labarin mamaci gulma ne. Ya ce muddin ba aibinsa zan faɗa ba, babu laifi. Na dawo gida na shiga tunanin ko mantuwa aibi ce. Yanzu dai gwiwa ta ƙi, matakalar tasha ta fi ƙarfina, don haka dole rubutu ya je inda ƙafa ta kasa.

Abin da ke rataye a kabad ɗin kwat ne na maza, na ulu, ruwan ƙasa. Ba nawa ba ne, ba kuma na marigayi maigidana ba ne. Aro ne, kuma har yau ba a mayar ba.

Mun zo Landan a shekarun da kuɗin mai ya haukata mutanenmu. Maigidana yana aiki a wani ƙaramin kamfani da ke loda wa 'yan Najeriya kaya a jirgin ruwa zuwa Legas. Muna zaune a ɗaki biyu a saman wani gida a Lewisham, mu da 'yarmu ƙarama. Ta dalilin aikinsa na ga abin kunya iri-iri. Mutumin da jiya yake aron keke a unguwa, sai ga shi da babbar riga a tsakiyar Oxford Street yana neman firji mai ƙofa biyu, alhali ko wayar lantarki ba a ja zuwa layinsu ba. Akwai wanda ya sayi injin ɗumama ɗaki zai kai Nguru. Maigidana ya ce masa, “Alhaji, Nguru fa?” Ya ce ai ya ga kowane Bature yana da shi. Su suna saye, maigidana yana ɗaurewa da igiya, ya dawo gida da ciwon baya.

Wata Asabar da bazara ya ce in shirya, yau mu ma za mu je mu ga teku kamar mutane. Muka bar yarinya wurin maƙwabciyarmu ta ƙasa, wata mutuniyar zangon Kumasi. Muka hau bas, muka shiga wata babbar tasha, ya sayi tikiti, muka hau jirgin ƙasa. Wace tasha? Ban sani ba. Wane gari? Ban sani ba. Ni dai bayansa nake bi kamar jela. A lokacin in miji yana gaba mace ba ta karanta allo, kuma ko ya faɗi sunan, sunayen garuruwan Turawa ba sa zama a kunnena.

Tekun da ake ta zuzutawa na gan shi: ruwa toka-toka, bakinsa babu yashi sai tsakuwa mai cin ƙafa. Ga wata doguwar gada da aka gina ta shiga cikin ruwa ta tsaya, ba ta ƙetara zuwa ko'ina ba. Turawa su biya kuɗi su taka har ƙarshenta, su kalli ruwa, su juyo. Ga wasu fararen tsuntsaye marasa tarbiyya masu fizge abinci a hannun mutum. Ba mu daɗe ba sama ta rufe, ruwa ya kece. Maigidana kaftani kawai ya sa, don ya ga rana da safe. Duk zamansa a ƙasar nan bai yarda cewa ranarsu maƙaryaciya ce ba.

Muka ruga wani titi mai hawa, muka faɗa wani shagon shayi mai koriyar ƙofa. Wata tsohuwar Baturiya ce a ciki ita kaɗai, hannunta ɗaya yana rawa. Ta ga maigidana yana kaɗuwa kamar ɗan tsako, ta zaunar da mu kusa da wuta. Da azahar ta yi ya roƙe ta wurin salla. Ba ta yi mana kallon da aka saba yi mana ba. Ta buɗe mana ɗakin baya inda take ajiye kwalaye, mai taga ɗaya da ke kallon teku. Ya fuskanci tagar ya ta da salla, na bi shi. Da za mu tafi ta hau sama ta sauko da kwat ɗin nan, ta ce na mijinta ne da ya mutu, ya sa kada sanyi ya kama shi, mu dawo mata da shi duk ranar da muka sake zuwa. Turancina a lokacin bai cika cokali ba, amma wannan na ji shi sarai. Na kuma ji maigidana ya ce, “In sha Allahu, Mama, kafin sanyi ya shigo.”

Sanyi ya shigo, ya tafi da shi. Ciwon ƙirji ne, bai daɗe a asibiti ba.

Da maza suka dawo daga maƙabarta, shugaban mutanen garinmu, wanda kowa ke kira Alhaji, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini, “Ki kwantar da hankalinki. Mun yi cigiya kafin a sa shi, babu wanda ke binsa ko allura.” Na yi hamdala. Sai ranar da aka zo haɗa kayansa don rabon gado. Wani ɗalibi mai karatun shari'a, wanda ke ba mu salla muna ce masa Malam, yana fito da riguna ɗaya bayan ɗaya, sai ga kwat ɗin a hannunsa. Na ce, “Malam, ajiye wannan gefe. Ba nasa ba ne.”

Matar Alhaji tana wurin. Hajiya ke nan, wadda awarwaronta ke riga ta sallama. Ta ɗaga kwat ɗin da yatsa biyu.

“Wannan tsumman? Ko karen Bature ba zai kwanta a kai ba.”

“Tsumma ne, Hajiya, amma mai shi tana jiransa.”

“Tana jira! Ke 'yar nan, Baturiya ta manta da ku tun kafin ku kai tasha.”

“Ita ta manta. Mala'iku fa?”

Ta ce Allah ya sawwaƙe mini, ta goge yatsunta da hankici.

Ni abin da na sani tun ina yarinya shi ne, mamaci ba ya samun sakewa muddin akwai haƙƙin wani a wuyansa. An yi cigiya a maƙabarta, to, amma da wace Hausa tsohuwar bakin teku za ta ji cigiyar? Haka na yi takabata, ina zaune a ɗaki, kwat yana rataye a bayan ƙofa, ina tunanin bawan Allah yana can ana tambayarsa abin da ni ce na ga an ba shi. Danginsa suka aiko a ce in tattara in koma gida da yarinya. Na ce sai na sauke wani nauyi tukuna. Na samu aikin guga a ɗakin wankin wani asibiti, ana ba ni hutu ranar Laraba.

Da na fita takaba Alhaji ya zo da kansa, ya sha turare har yana sa atishawa. Ya ce ya ji damuwata, zai sadaukar da Asabar ɗinsa ya zaga da ni bakin teku a Marsandinsa, mu biyu, mu nemi shagon a tsanake. Mutumin da bai sadaukar da rabin awa ya duba marigayi a asibiti ba. Na ce, “Ranka ya daɗe, na gode, amma kai ba muharramina ba ne.” Ya yi dariya ya ce ai wannan abu ne mai sauƙin gyarawa. Na ce shayinsa yana hucewa.

Na koma wurin Malam na tambaye shi ko ya halatta mace ta yi tafiya ita kaɗai. Ya ce abin da aka hana shi ne tafiyar yini da kwana, in zan je cikin jama'a in dawo gida kafin rana ta faɗi, in je. Na ce to a ƙasar nan rana takan kai bayan lokacin barci da bazara, da sanyi kuma ta faɗi tun mutum bai gama cin abincin rana ba, wace faɗuwar zan bi? Ya ce ta ranar da na fita. Na ce kasaru fa, zan yi ko in cika? In jirgi ya lalace a hanya dare ya same ni, laifin a kan wa? Ya dafe kansa ya ce, “Yaya, don Allah ki je kawai.”

Alamomin da nake da su ba su da yawa: tsakuwa, gadar da ba ta ƙetare, titi mai hawa, koriyar ƙofa. Amma akwai wadda na riƙe da ƙarfi, har ina ganin na fi kowa wayo. Maigidana ya fuskanci teku ya yi salla. Ke nan tekun garin yana wajen alƙibla. Na samo taswira a tasha, na sa Malam ya nuna mini inda gabas take, na ware garuruwan da ruwansu ke wannan ɓangaren. Sauran duk na yi watsi da su.

Tafiyar Laraba tun Litinin nake fara ta. Ranar Litinin in na tashi daga aiki sai in je tashar da zan hau jirgi in ga wurin tsayawarsa da idona. In tambayi mai sayar da tikiti lokacin jirgin dawowa, in fita in zagayo in tambayi wani ma'aikacin daban, don ban yarda da bakin mutum ɗaya ba. In suka saɓa da minti kaɗan, ranar ba ni da sukuni. Talata in dafa ƙwai, in soya nama, in wanke kwalbar lemo in cika ta da ruwa ta zama butata. In goge kwat ɗin, in naɗe shi a cikin zanen gado mai tsabta, don kada tsohuwa ta ce mun wulaƙanta mata kaya. Laraba da safe in miƙa yarinya ga mutuniyar Kumasi. Ita Hausarta ba ta raba mace da namiji, kullum sai ta ce, “Ka je ka dawo, yarinya yana nan, babu abin da zai kama shi.” Duk cikin mutanen da na sani a Landan ita kaɗai ce ba ta taɓa tambayata ko na haukace ba.

Nakan isa tasha da wuri har in ga tashin jirgin da ke gaban nawa. In sayi tikitin je-ka-dawo, in ɓoye rabin dawowar a cikin safa, in riƙa taɓa shi da ɗan yatsan ƙafa. A cikin jirgi ba na jingina. Duk tashar da aka tsaya sai na karanta allonta harafi-harafi, ni da a da ko kallon allo ba na yi. Ruwa ba na sha, don in riƙe alwalata, saboda bayin jirginsu ba wurin da mai salla zai shiga ba ne.

A Southend na tarar tekun ma ya gudu, ya bar taɓo iya ganin ido, Turawa sun jera kujeru suna kallon taɓon. A Clacton yashi na gani, na san ba nan ba ne tun ban sauke jaka ba, amma na zaga, don kada a ce na yi ha'inci. A Margate na ga manyan mutane, masu jikoki, sun tuɓe sun kwanta a ƙasa sun yi ja kamar naman da aka fara gasawa aka fasa. Shekarar da aka yi zafin nan har ciyawar Landan ta bushe, su murna suke yi, suna ta kai kansu ga rana. Mu da muka san rana, inuwa muke nema.

Duk shagon shayin da na gani sai na shiga, ko ƙofarsa ba koriya ba ce, don fenti ana sake shi. Kuma ba na iya shiga shagon mutum in yi tambaya in fita hannu rabbana, sai na sayi wani abu. Kek ɗinsu ba na ci, ban san da wane kitse aka yi ba. Sai in sayi shayi in zauna a gabansa har ya huce, ban kurɓa ba saboda alwala. In warware zanen gado in nuna kwat. Wasu su girgiza kai. Wata ta ɗauka sayarwa nake yi, ta nuna mini ƙofa.

A nan Landan kuwa magana ta zaga. Wai na fita takaba na shiga yawon bakin ruwa neman miji Bature. Masu faɗar haka su ne matan da ke yini a manyan kantuna daga buɗewa har rufewa, ba miji ba muharrami, azahar da la'asar duk a haɗa su da isha'i. Tasu fitar ba tafiya ba ce, tunda da jakar kuɗi ake yin ta.

Wata rana Hajiya ta hau matakalarmu tana haki, da ƙatuwar leda. Ta zazzage wani sabon kwat a kan gadona, baƙi, mai sheƙi, takardar kanti tana lilo a hannunsa.

“Ga shi. Ya fi wancan sau goma. Ki ba duk tsohuwar Baturiyar da kika fara gani, ki ce an biya, mu huta da jin sunanki a bakin mutane.”

“Hajiya, in aka ari akuyarki aka kai wa wata mata saniya, an biya ki?”

“In ni aka kawo wa saniyar, ai sai in karɓa in yi godiya!”

Wannan kam na yarda. Na ce mata ba a cikin wannan mijin tsohuwar ya tsufa ba. Ta kwashe kayanta tana cewa talauci ma ciwon kai ne. Zamanin ke nan. Duk abin da ya gagara, a sayi sabo a rufe shi da shi.

Bazara biyu na yi ina bin garuruwan gabas. A ta biyun, a Deal, na ga tsakuwa, na ga gada. Na bi tituna babu koriyar ƙofa. Azahar ta yi, sai sama ta rufe, yayyafi ya fara. Na raɓe a wata rumfa a bakin ruwa, na shimfiɗa ɗankwalina, na ɗaga kai neman rana in gane gabas. Babu rana, babu alamarta. Na juya nan mutane suna wucewa, na juya can bango ne da kwandon shara. Sai na ga na fuskanci teku, don nan ne kawai babu mai gittawa ta gabana. Na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai hannun ya tsaya.

Ranar da muka shiga shagon tsohuwar ma ai babu rana. Ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Maigidana ba shi da agogon alƙibla, bai kuma tambayi tsohuwar ina rana ke fitowa ba, ina tsaye a wurin. Ɗakin cike yake da kwalaye, gaban taga ne kawai mutum zai iya sa goshi. Ya duba inda akwai fili ya yi kabbara, ni kuma na bi shi, kamar yadda na bi shi tun daga Lewisham. Tekun nan yana iya kasancewa kudu, yana iya kasancewa arewa. Duk garuruwan da na yi watsi da su da taƙama suka dawo mini.

Washegari na tare Malam. Ya ce wanda ya yi iya ƙoƙarinsa a ranar hadari sallarsa ta yi. Na ce in bai yi ƙoƙarin ba fa, in fili kawai ya duba? Ya ce, “Yaya, kin shiga zuciyarsa ne?” Na dai rama tawa azahar ɗin. Tasa kuma ba a rama wa mutum salla, sai na bar wa Allah, na ƙara a kan abin da ke hana ni sakewa.

Na sake sabon lale. Brighton, Worthing, Herne Bay, Hastings. Ashe ƙasar nan duk inda ka juya tsakuwa ce da gadar banza. A Hastings na samu wani titi mai hawa da ya yi kama, da wani shago da ake soya kifi da dankali. Na kankare gefen ƙofar da farce a ɓoye, na ga kore a ƙarƙashin shuɗi. Mai shagon ya ce shi a hannun wani ya saya, wanin ma a hannun wani. Na roƙe shi ya nuna mini ɗakin baya. Babu taga, sai wani wuri a bango da bulonsa ya bambanta. Ko nan ne, ko ba nan ba ne. Ba zan bar amanar mutane a hannun mai suyar kifi a kan wataƙila ba.

Kafin Malam ya gama karatunsa ya koma gida ya ce mini in mai abu ya gagara samuwa, a yi sadaka da shi da niyyar mai shi, in ya bayyana daga baya a biya shi. Na kai kwat ɗin har ƙofar shagon da ake karɓar tsofaffin kaya don mabuƙata. Na tsaya na ce, in ta bayyana, da me zan biya ta? Irin na Hajiya? Na juyo da abina.

Kuɗin mai ya janye kamar tekun Southend. Marsandin Alhaji ta daina zuwa, awarwaron Hajiya suka ragu har aka fara jin sallamarta. Masu firji suka daina sauka. Ni ina nan, ina guga, ina fita Laraba, har na san jiragen kudu fiye da wasu masu aiki a tashar. 'Yata ta girma, in yi mata Hausa ta amsa da Turanci. Ta duba mini a waya ta ce shagunan shayi na wancan zamani duk sun rufe, tsohuwar kuma ta daɗe da zama ƙasa. Na sani. Amma haƙƙi ba ya bin mai shi kabari, magada yake komawa. A bangon shagon tsohuwar, ranar da muka je, na ga hoton wani mutum da hular masu jirgin ruwa, kusa da shi hoton wata budurwa da kayan nas. Wannan budurwar, ko 'ya'yanta, su ne masu kwat ɗin nan.

Abin da ke tsorata ni yanzu shi ne ranar da za a zo haɗa nawa kayan. Babu wanda zai ce a ajiye wannan gefe. Za a cusa shi a baƙar leda, mu zama mu biyu ake tambaya.

Don haka ina roƙon masu karatu, musamman 'ya'yanmu likitoci da masu kula da tsofaffi a garuruwan bakin teku. Ku tambayi tsofaffin da ke hannunku ko wani ya san shagon shayi mai koriyar ƙofa a titi mai hawa, na wata mata mai rawar hannu da mijinta ya yi aikin jirgin ruwa, ko wata tsohuwar nas da uwarta ta taɓa ba wani baƙin mutum mai kaftani aron kwat a ranar ruwa. Maɓallansa na fata ne, na ƙasan ya bambanta da sauran, an yi wa aljihun hagu faci daga ciki da ƙyalle mai gida-gida. Wanda ya san wani abu, ko sunan gari ne kawai, ya sanar da masu buga wannan, sun san inda nake. Mai shawarar in yi sadaka da shi ya riƙe shawararsa, an riga shi. Mai niyyar saya mini sabo kuma, ya sayi firji.